Jan Miyau a Matashin Jabbi

Ni dai tun ina yarinya miyan barci abin dariya ne a wurina. In ƙanenka ya tashi da farin layi a kumatu, ka samu abin tsokana na yini guda. Ban taɓa zaton zan zauna ina rubutu a kansa ina share hawaye ba. Na rubuta ne don masu tsofaffi a gida, musamman gidaje irin namu da kunya ta yi wa katutu. Wanda ya karanta ya sa kakana a addu'a.

Sunana Kulu. Ina aure a Shagari, amma gidanmu Dingyadi yake, ƙasar Bodinga. Kakana Malam Jabbi manomin albasa ne, babana Ummaru kuma shi ne ɗansa na fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka haifi Baba, Jabbi bai taɓa kiran sunansa ba. Da can "wancan yaron" yake cewa, da aka haife ni ya koma "uban Kulu". Ba sa zama tabarma ɗaya, ba sa haɗa ido. In Jabbi ya shigo zaure, Baba zai sulale ta ɗaya ƙofar. Maganar taki ko ta ban ruwa ma sai an aika wani. Baba kuma "Malam" yake ce masa, kamar yadda baƙi ke cewa. Mutanen gari suna yabon gidanmu a kan haka, mu ma muna jin daɗin yabon.

Ni kaɗai ce ba ruwana, don ni jika ce. Jabbi nake kiransa gatsau, in na ga dama in ce angona, in fizge hularsa, in ce goron sadakina bai cika ba. Shi kuma ya ce mini Mai Baki. Tun ina rarrafe ba mu taɓa yin magana ɗaya ta hankali da shi ba.

Da bazara ne, an gama cirar albasa an zuba a rudu, wato ma'ajiyarta ta kara, Inna ta aiko in zo. Inna mahaifiyata ce, kuma tun rasuwar kakata ita ke wankin ɗakin Jabbi. Ta ja ni bayan rumbu ta fito da rigar matashinsa daga ƙarƙashin zane, sai ka ce kayan sata. Ga wani jan tabo nan mai faɗin tafin hannu biyu.

Na ce, "Inna, jini na?"

Ta ce, "Miyau na, goro yam maishe shi ja. In Malam ya yi ƙailula haka nika iske shi. Da ɗan kaɗan na, yanzu har tabarma shika kai."

"Tun yaushe?"

"Tun ana dashe."

Wato watanni ke nan tana juya matashin, tana shanya shi inda ba mai gani. Ta gaya wa Baba, Baba ya dubi ƙasa ya ce to. Surukar mutum ba ta ce masa yana dalala, ɗan fari ma ba ya cewa. Inna ta ce, "Ke ɗai ka iya gaya mai."

Na same shi a rumfar da ke jikin rudun albasa, ya tashi daga ƙailula ke nan, gemunsa a jiƙe ta gefe guda. Na ce, "Ango, mi ka faruwa? An ce ka koma jinjiri, sai an ɗaura maka ƙyalle ga wuya."

Ya yi dariya ya goge da hannun riga. "Mahwalkinki nika yi, Mai Baki. Miyau ba su zuba ba?"

Na zauna, na gyara murya, na ce, "Jabbi, ba wasa nikai ba. Mu tahi asibiti a diba ka."

Wayyo, sai ya ƙara fashewa. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, wai amarya ta gaji da shi tana neman a yi masa allurar mutuwa ta ci gadon albasa. Duk wanda ke wurin ya yi dariya. Na rantse, suka ce kai, yarinyar ga ta iya wasa. Ranar na gane irin ramin da muke ciki: waɗanda zai ji maganarsu ba sa iya faɗa, ni da nake iya faɗa ba ya ɗaukar tawa da gaske. A cikin dariyar nan kuma na ji muryarsa tana fita ta hanci, kamar mai mura, alhali ba ya mura.

Na koma Shagari da abin a raina. Mijina ya ce kowa na zubar da miyau a barci, shi ma yana yi. Gaskiya ya faɗa, yana yi.

Ba a jima ba abin ya bar barci ya shigo ido biyu. A unguwarmu maza suna ciyayya bayan magariba, kowane gida a fito da akushi a ƙofar gida, dattawa gefe guda, matasa gefe guda. Wata rana Jabbi ya sunkuya zai yanki tuwo, sai miyau ya silalo daga bakinsa ya faɗa cikin miyar da kowa ke ci. Ya ɗauki moɗa don ya rufe kunya, ruwan ya sarƙe shi, ya fito ta hanci. Baba yana can gefen matasa yana gani, hannunsa a cikin tuwo, ya kasa tashi, don in ya tashi ya nuna ya gani. Daga ranar Jabbi bai sake fita ciyayya ba. Mutumin da ya fi kowa son hira a Dingyadi ya koma cin abinci a ɗaki, ya juya wa ƙofa baya.

Daga nan masu ba da shawara suka taso. Mai kemis ya ce dalalar barci tsutsar ciki ce, ya ba da ƙwayoyi, aka sha da ƙyar. Wani ya ce sanyi ne, a yi hayaƙi. Aka karɓo rubutu, mu duka mun yarda da shi, amma rubutu ruwa ne, ruwa kuma shi ne abin da ya fi sarƙe shi. Sai Gwaggo Tumba, ƙanwar Baba, ta zo daga Mandera ta leƙa bakinsa ta ce beli ne ya yi tsawo, a kira wanzami. Ina Shagari aka yi wannan ɗanyen aiki. Da na zo na iske tsoho a jingine, jini da miyau suna bin gemunsa, ko kunu ya kasa wucewa. Wallahi ranar na manta Gwaggo gwaggona ce. Na ce mata in ta sake kawo wani mai aska gidan nan, ni da ita ne. Ta yi kuka ta ce ubanta ne ita ma, me za ta yi, ta zauna tana kallo?

Da wasa dai na fitar da shi daga gida, tunda shi kaɗai ne harshen da muke da shi. Na ce, "Ko ka bi ni asibiti, ko ka ba ni takardata yau." Ya ɗaga kafaɗa, ya ce cikin wannan murya tasa da ta fara nauyi, "To, a yi ma amarya rakiya."

A asibitin da ke kusa da mu aka auna jininsa aka ce bai hau ba. Suka ɗaga hannunsa, suka ɗaga ƙafa, duk lafiya, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Suka ce mu wuce Sakkwato. Baba ya buɗe rudu ya sayar da albasa tun ba ta yi kuɗi ba, dillalai suna ta murna. Duk manomi ya san zafin wannan.

Sakkwato kuwa, Allah ya ba masu jinya haƙuri. Mu fito da asuba, mu iske layin kati ya riga mu. In ka samu kati a ce likitan wannan ciwo ba yau yake zama ba. Mu koma, mu dawo wani mako, a ce a yi hoton kai. A yi hoto, a ce sakamako sai an kira. A mota Baba yana gaba, mu muna baya. A bencin asibiti ba yadda suka iya, dole benci ɗaya, sai ni a tsakiya, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Ina riƙe da tawul, in na ga ya taru a leɓensa in yi kamar ina gyara masa rawani in goge. Wata ma'aikaciya ta taɓa daka masa tsawa a gaban jama'a wai ya daina ɓata musu ƙasa. Na miƙe zan yi mata wankin babban bargo, Jabbi ya riƙe mayafina. Har yau ban yafe mata ba. Amma a layin nan dai wata baiwar Allah da ban san sunanta ba ta ba mu wurinta, ta koma baya da ɗanta a goye. Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata shi.

Likitar da muka gani daga ƙarshe mace ce, ba 'yar ƙasarmu ba, Hausarta irin ta gabas. Ta sa ya fito da harshe. Ni ma a ranar na fara ganinsa da kyau: ya motse, yana ta ɗan rawa shi kaɗai. Ta ba shi ruwa a cokali tana kallon maƙogwaronsa. Sannan ta ce nas ta fita da shi ya sha iska, ta bar ni da Baba.

Na ce mata, "Likita, mi as sa miyan nashi yay yi yawa haka?"

Ta ce, "Ba yawa ya yi ba. Haɗiyewar ce ta ragu."

Wannan magana ta zauna mini. Ta ce kowane mutum bakinsa na yin miyau dare da rana, yana haɗiyewa bai sani ba. In ya yi barci naman fuska ya saki, haɗiya ta ragu, to in ya kwanta ta gefe ko hancinsa ya toshe ya buɗe baki, sai ya zubo. Wannan ba ciwo ba ne, yara na yi, manya na yi, mai gajiya ya fi kowa. Amma na Malam daban ne. Jijiyoyin da ke motsa harshe da maƙogwaro ne suke mutuwa a hankali. A barci ya fara nunawa don a nan haɗiya ta fi rauni.

Baba ya ce, "To a ba mu magani."

Ta ce akwai abin da zai rage zubar, akwai dabarun ciyarwa, akwai roba da ake sawa ta hanci in abinci ya ƙi wucewa. Amma maganin da zai tsayar da ciwon, babu. Ba a nan kaɗai ba, ko'ina.

Na ce, "Da mun zo tun da Inna tag gani fa?"

Ta dube ni, ta ce, "Da kun zo tun lokacin ma ba zan iya warkar da shi ba, kada ki ɗora wa kowa laifi. Abin da za ku samu shi ne ku sani tun bakinsa yana fita sosai. Yanzu ma bai ƙare ba. Duk mai magana da shi ya yi, shi ma in yana da ita ya yi. Harshen ba zai jira ku ba."

A bakin ƙofar asibiti, Jabbi yana cikin mota, na tare Baba na ce, "Ka ji abin da tac ce."

Ya dubi takalminsa. Ya ce, "Kulu, mi zan ce mai?"

Mutum mai furfura a gemu, mai jikoki, ya tsaya gabana yana tambayata yadda ake magana da uba. Ni ma ban sani ba, wasa kaɗai na iya.

Na kwaso kayana daga Shagari na dawo Dingyadi. Mijina bai taɓa ɗaga mini murya a kan haka ba, uwarsa ta riƙe mini yara, Allah ya biya su. Jabbi ya ƙi yarda kowa ya goge masa baki sai ni. Inna ta dama kunu mai kauri, don mai ruwa-ruwa shi ke sarƙe shi, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. In zaunar da shi tsaye, in sa ya sunkuyar da haɓa, cokali ɗaya, mu jira, wani cokalin. Kafin a gama rabin kwano kunun ya huce, shi ya gaji, ni na gaji. In zai kwanta in juya shi ta gefe in shimfiɗa tawul, don gara ya zubo waje da ya koma ƙirji. Tawul ɗin suka yi yawa a igiya har maƙwabta suka daina tambaya. Goro kuwa ya gagara. Sai ya riƙe ɓari ɗaya a hannu yana shinshinawa, tabon matashi ya daina yin ja.

Maganar roba na kawo masa sau da yawa, da wasa da ba wasa. Ya girgiza kai. Ya nuna hancinsa, ya nuna ƙofa, wato ba za a gan shi da ita ba. Hankalinsa garau yake, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Yana jin komai, yana gane komai, hannunsa da ƙafarsa suna aiki, yana ramewa a gabanmu muna kallo.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, kalmomi suka fara ɓacewa. Dogaye suka fara tafiya. Mai Baki ya gagara, ya koma Kulu, Kulu ta koma wani sauti daga hanci da ni kaɗai ke ganewa. Kullum in na ji an rasa wata kalma sai in leƙa waje. Baba yana nan. Ya dawo daga gona ya zauna a kan turmi a jikin bangon ɗakin, bayan asabari, inda ba a ganinsa daga ciki. Yana jin tarin, yana jin sarƙewar, in ta yi tsanani ya miƙe tsaye, in ta lafa ya koma ya zauna.

Wata rana na kasa daurewa. Na fito na ce, "Baba, don girman Allah ka shiga! Taku ukku na tsakaninku. Kunyar mi ta rage?" Ban taɓa yi masa magana haka ba. Inna ta saki muciya ta riƙe baki. Baba bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "In na shiga na gane shi hakanan, shi za ya ji ciwo, ba ni ba." Ya ɗauki fartanya ya fita, alhali rana ta kusa faɗuwa.

Na koma ciki na huce a kan tsoho. Na ce, "Kai ma Jabbi, ka kira ɗanka. Sunanai Ummaru in ka mance. Ka kira shi tun kana iyawa." Ya dube ni, idonsa ya yi ƙyalli irin na da, ya kaɗa mini yatsa, wai Mai Baki ta fara. Har yau ban sani ba ko wasa ya ɗauka, ko kuwa ya gane sarai ya ɓuya a bayan wasan. Na fita bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah.

Gero ya fara fitar da kai ranar da abin ya faru. Bayan azahar ne, na kwantar da shi ya yi ƙailula, na tafi bakin rijiya da tawul. Ashe ya juya ya koma rigingine. Daga can na jiyo tari, irin wanda ba ya fita, sai kuma shiru. Na yar da guga na sheƙo.

Na iske asabarin a ƙasa, an fizge shi. Baba yana durƙushe a kan tabarmar Jabbi, ya tallabo shi a ƙirji, ya kifa shi gaba yana bubbuga bayansa kamar yadda ya ji ina yi. Numfashi ya dawo da ƙyar. Na tsaya a bakin ƙofa. Baba ya jingine shi, ya nemi tawul bai gani ba, sai ya kama hannun rigarsa ta gona ya goge masa gemu da leɓe, a hankali. Ya yunƙura zai tashi ya fita. Jabbi ya riƙe wuyan hannunsa.

Ya dube shi ido cikin ido. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, na ga leɓunansa suna ƙoƙarin haɗuwa suna kasawa. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ba abin da ya fito sai iska da miyau.

Baba ya ce, "Na'am, Baba."

Ya sake goge masa baki. Bai fita ba har aka kira la'asar, kuma daga ranar shi ke ba shi kunu.

Ba su daɗe a haka ba. Ƙirjin ya kama, zazzaɓi ya shigo, muka koma asibiti aka yi allurai, suka ce mu dawo da shi gida. Ya cika da hantsi, kansa a cinyar Baba, kafin a yanke gero. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Waɗanda suka zo gaisuwa daga Sifawa da Mandera da Shagari, da waɗanda suka taimaka da mota da abinci, mun gode.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Miyan barci yawanci ba komai ba ne, kada ka tayar wa kanka hankali don ɗanka ya jiƙa matashi. Amma in babba ne ya fara abin da da ba ya yi, yana ƙaruwa, murya ta canja, ruwa yana sarƙe shi, to a bar kemis, a bar wanzami, a tafi asibiti. Kuma wanda zai gaya masa ya zama wanda in ya yi magana za a san da gaske yake. Kada a aiki jika. Ni yanzu in mijina ya yi ƙailula bakinsa a buɗe, sai in tsaya a kansa har in ga maƙogwaronsa ya motsa, sannan in koma aikina.

Ranar da zan koma Shagari Baba ya rako ni bakin titi, abin da bai saba ba. Muna jiran mota na ce, "Baba, ran nan da kac ce na'am, mi kaj ji?"

Ya ce, "Sunana."

Ina tsaye a ƙofar ɗakin nan ranar, kuma kunnena lafiya lau yake. Kowa ya san ni da gardama, a Dingyadi da Shagari. Na gyara mayafina na ce, "Awo, Baba. Ni ma na jiya."